Wane Musa? Suna da Gida a Nima da Cikin Manhaja

Baƙon da ya sauka Nima ko Maamobi, a birnin Accra, yana cigiyar Musa, bai faɗi kome ba tukuna. Sai an tambaye shi: na wane gida? A nan ɗafin mallaka, wato -n da -r, yake aikinsa: Musan gidan mahauta dabam, Musan gidan liman dabam. Tun da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a shekarun 1930, baƙo ta hannun maigidansa yake samun wanda yake nema, domin shi ya san wa ake nufi.

Abin mamaki, harshen Java na rubuta manhajar kwamfuta ya bi wannan ƙa'ida. Manhajar Java tarin sassa ce da ake kira aji, kuma akwai wani sashe da ke ɗauko kowane aji idan an ambaci sunansa. A kira shi maɗauki, bisa tsarin "ma-" na mai aikatawa, kamar marubuci da maƙeri. A wurin Java, suna da maɗauki ne tare suke tantance aji. Aji biyu masu suna ɗaya da suka fito daga hannun maɗauka biyu baƙin juna ne, ko da rubutunsu bai bambanta da harafi guda ba.

Muddin manhaja gida ɗaya ce, babu damuwa. Rikici yakan taso a tsarin da ke raba manhaja dami-dami, irin OSGi, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1999. Kowane dami yana da maɗaukinsa, kuma ba ya ganin kome sai abin da ya bayyana cewa yana shigowa da shi. Wannan ba labarin nesa ba ne ga Gana: dandalin MOTECH, wanda ya samo asali daga aikin aika wa masu juna biyu saƙonnin waya a arewacin ƙasar a 2010, a kan OSGi aka gina shi daga baya.

To, mai rubuta taskar da wasu za su ara su saka cikin nasu aikin, wa zai tambaya idan an ba shi sunan aji? Hanya ta farko ita ce ya tambayi maɗaukin gidansa, abin da umarnin Class.forName yake yi idan suna kawai aka miƙa masa. Amma ajin na mai aro ne, a wani dami yake zaune, don haka amsar ita ce ba a san shi ba. Ta biyu, ya tambayi maɗaukin da ke rataye da zaren aikin da ke gudana, dabarar da ta zo da Java 1.2 a 1998. Tana ci a wurare da yawa, shi ya sa marubuta suka shaƙu da ita. Sai dai OSGi bai yi alkawarin wanda za a tarar a kan zaren ba; tamkar tare duk wanda aka gani a bakin titi ne a tambaye shi Musa. Wataƙila ɗan unguwa ne, wataƙila shi ma yau ya sauka. Mafi muni, yana iya nuna wani Musan da gaskiyarsa, kuskuren kuma ba zai bayyana ba sai tafiya ta yi nisa.

Ta uku ta fi nauyi a hannu, kuma ita ce mafi inganci: taskar ta bar ƙofa a buɗe, mai aro ya miƙo maɗaukinsa, ko ma ajin kansa. Java ta tanadi haka a ServiceLoader tun 2006, inda ake iya haɗa abin da ake nema da maɗaukin da za a tambaya. Maɗaukin zare sai ya zama na ƙarshen nema, idan mai aro bai ambaci gidansa ba.