Daga Kano Zuwa Jidda: Mil Nawa, Awa Nawa?

Wannan mako zancen hanyar Gabas za mu yi, don na lura da yawa cikinmu in an ce musu jirgin sama yana kai mutum Jidda a yini guda, sai su zaci wurin kusa ne. To, ba kusa ba ne.

Tsakanin Kano da Jidda, in an miƙe sak ta sama, mil 2,100 ne da 'yan kai, watau kamar kilomita 3,400. Jirgin zamanin nan yana cin wajen mil 500 a awa guda. 'Yan makaranta, ku ɗauki fensir ku raba. Za ku sami awa huɗu da ɗoriya. In kun ƙara lokacin tashi da na sauka, sai ta tasam ma awa biyar. Amma wannan lissafi sai hanya na lafiya. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe samanta, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Wannan ƙasa da jirgi ke ƙetarewa kafin fasinja ta gama gyangyaɗi, ita ce kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna. Su bi ta Barno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur har Hartum, sa'an nan su gangara bakin Bahar Maliya su jira jirgin ruwa. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙodago shekara guda ko biyu, kana a ci gaba. Waɗansu mata da goyo suka tashi, kafin su komo yaron ya isa aure. Waɗansu ba su komo ba sam, ga jikokinsu can a Sudan suna jin Hausa. Jirgin sama kuwa bai fara sauka Kano ba sai a 1925.

Ga wani abu da ke rikita matafiya. Agogon Jidda yana gaba da namu da awa biyu, gama rana tana riga fitowa can. Wadda ta tashi Kano ƙarfe 10 na safe, ta yi awa biyar a sama, agogon hannunta zai nuna ƙarfe 3, na mutanen gari kuwa ƙarfe 5. Ke nan tana tsammanin Azahar ce ba ta daɗe da wucewa ba, alhali La'asar ta yi nisa. Ni dai shawarata, da an zauna cikin jirgi a tura agogo gaba.

Wadda kuma za ta zarce Makka daga Jidda, tafiyar da ba ta wuce mil 50 ba, ta yi wankanta ta kintsa tun daga gida, ta kuma tambayi malaminta inda za ta ɗauki niyyar harami. Jirgi ba ya tsayawa a miƙati, kuma ɗan makewayinsa mutum ɗari da wani abu ke jiransa.