Juma'ar Alƙahira

A ƙarshen shekarun 1980 mahaifinmu yana karatu a Jami'ar Azhar, muna zaune a wani ɗan gidan bene a unguwar Abbasiyya. Juma'a ce ranar hutu a Masar, kuma duk lokacin da aljihun Baba ya ɗan yi nauyi, tun daren Alhamis zai ce, "Gobe akwai fita." Mu dai barci ya ƙare ke nan. Da asuba ƙamshin waken ful zai hauro daga ƙasan bene, can kuma mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunya da ƙarfe, Umma na shafa mana man basilin har goshinmu ya riƙa ƙyalli.

Bas muke shiga zuwa Tahrir, mu canja wata zuwa Giza. Baba zai tsaya gaban babbar dalar, ya ce ta haura shekara 4,500, sannan ya ƙara da cewa da yana yaro ya ga irinta a Kano, amma ta buhunan gyaɗa. Masu raƙuma su yanyame mu, kuɗin hawa daban, na sauka daban. Umma ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, raƙumin da muke kora daga gona shi za ka biya kuɗi a hau?" Sai da aka ɗora mu dai, ƙanwata na ihu tana dariya lokaci guda.

Sallar Juma'a a masallacin Azhar muke yi, inda ake sallah tun shekarar 972. Ina tuna sanyin daɓen a tafin ƙafata. Daga nan mu kutsa kasuwar Khan Khalili, turare da hayaƙin gasasshen nama sun cakuɗe, a saya mana ruwan rake mai kumfa.

Amma inda zukatan iyayenmu suke tun safe shi ne Hayyul Ashir, gidan wani abokin Baba mutumin Damagaram. Tun daga matakala za ka ji daddawa. Sallama ɗaya, gida ya kaure: ina gajiya, yaya sanyi, wa ya zo daga gida? Gwaggo, matar gidan, takan tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kukar da wani ya kawo tsaraba, ana ririta ta cokali-cokali. Ɗalibai marasa iyali su cika tabarma, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi, hannu na bin hannu a akushi ɗaya. Bayan magariba a kunna kaset ɗin da aka aiko daga gida, muryar wata tsohuwa tana jero gaisuwa, ana jin carar zakara a bayanta. Umma ta juya fuska tana gyara ɗankwali. A lokacin ban san me ya sa ba.

Yawancin mutanen tabarmar nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yanzu ɗana ne ke karatu a Alƙahira. Na tambaye shi ko yana ziyartar 'yan gida, ya ce kullum suna gaisawa ta WhatsApp. Ban ga laifinsa ba, zamaninsa ne. Na dai aika masa kuka da daddawa, na ce ya nemi gidan da ake tuƙa tuwo ya kai da ƙafarsa ranar Juma'a, kuma ya zauna sai an sauke.