Kiristocin Toma na Indiya: Cocin da Ya Riga Turawa Isa

Masu raka marasa lafiya zuwa asibitocin Chennai, waɗanda ba a rasa su a Tudun Murtala da sauran unguwannin Kano, sukan wuce ta gindin wani ɗan tsauni kusa da filin jirgin sama, da coci a bisansa. Tsaunin Toma ake ce masa. Kiristocin Indiya sun yi imani cewa a nan ne aka soki Toma da mashi a shekara ta 72 Miladiyya. Toma kuwa ɗaya ne daga cikin hawariyawa goma sha biyu na Annabi Isa (AS), waɗanda Kiristoci ke kira manzanni.

Mu a nan mun san Kiristanci ta hannun 'yan mishan, shi ya sa da yawanmu ke ɗauka addinin Turawa ne. A kudancin Indiya ba haka abin yake ba. Riwayar mutanen jihar Kerala ta ce Toma ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kodungallur a shekara ta 52, ya kafa majami'u bakwai, cikinsu har da Palayur da Niranam da Kollam, sannan ya tsallaka gabas zuwa Mylapore, wadda yau unguwa ce cikin Chennai. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko shi da kansa ya taka ƙasar, amma hanyar da ake cewa ya bi ba tatsuniya ba ce. Jiragen fatake daga Masar sukan bi iskar damina su tsallaka teku don sayen masoro, kuma an tono kuɗin zinariyar Rumawa a kudancin Indiya. Ta hanyar fatauci addinin ya shiga, kamar yadda Wangarawa suka kawo Musulunci Kano zamanin Sarki Yaji. A wannan gari na Kodungallur ne kuma masallacin Cheraman yake, wanda ake cewa an gina shi a 629.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasu allunan tagulla da aka rubuta a Kollam a shekarar 849. Mai mulkin yankin, wanda Hindu ne, ya ba wani coci fili da wasu haƙƙoƙi, aka kira shaidu suka sa hannu. Wasu sun rubuta sunayensu da Larabci, wasu da tsohon Farisanci, wasu da baƙaƙen Yahudawa. Wato 'yan kasuwa Musulmi sun tsaya shaida a kan kyautar da aka yi wa coci, sama da shekara dubu da suka wuce. Matafiyin nan Marco Polo, wanda ya bi ta yankin a ƙarshen ƙarni na 13, shi ma ya ba da labarin cewa Musulmi na girmama kabarin Toma.

A wancan zamani Kiristocin Toma da harshen Suriyanci suke yin ibadarsu, bishop-bishop ɗinsu kuma daga Iraƙi da Farisa ake turo musu. Sauran al'amuransu na 'yan ƙasa ne. Ango yakan ɗaura wa amarya 'yar sarƙar zinariya a wuya irin yadda Hindu ke yi, ana kunna fitilar tagulla mai amfani da mai a cikin coci, kuma daren Alhamis ɗin da ke gabanin Ista maigida yakan gutsuttsura waina marar yisti ya raba wa iyalinsa, a tsoma cikin madarar kwakwa.

Sai ga Turawan Fotugal. Vasco da Gama ya iso Calicut a 1498, suka tarar da Kiristocin da ba sa ƙarƙashin Fafaroma, abin bai yi musu daɗi ba. A taron Diamper na 1599 Babban Bishop Menezes ya tilasta musu bin tsarin Roma, aka gyaggyara littattafansu, aka ƙone wasu. Wannan ɓarna ce babba, domin abin da wuta ta ci na tarihin al'umma ba ya dawowa. Tura ta kai bango a 1653, jama'a suka taru a Mattancherry suka yi rantsuwa a gaban gicciye cewa ba za su ƙara yi wa limaman Fotugal biyayya ba.

Kabarin Toma kuwa yana ƙarƙashin babban cocin San Thome a bakin teku, wanda aka sake ginawa a ƙarshen ƙarni na 19, ko da yake akasarin ƙasusuwan an daɗe da kwashe su zuwa Edessa, wato Urfa ta Turkiyya, daga baya zuwa Ortona a Italiya a 1258. Ranar 3 ga Yuli ake bikin tunawa da shi.

Ƙidayar 2011 ta nuna Kiristoci kusan kashi 18 cikin ɗari ne na mutanen Kerala, Musulmi kuma sun haura kashi 26. Sai dai rabuwar da ta faro bayan 1653 ba ta ɗinke ba. Jikokin coci guda sun kasu gida-gida, wasu na tare da Roma, wasu da Antakiya, wasu na cin gashin kansu, kuma rigimar mallakar majami'u tsakanin ɓangarori biyu ta kai har Kotun Ƙolin Indiya, wadda ta yanke hukunci a 2017 ba tare da an daina jayayya a ƙofofin cocin ba.