Kyamarar Maigida Da Hoton Gwaggo

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wani saurayi, malamin makarantar firamare a Jos, ya ga gaskiyar wannan magana a tsakiyar hunturu, sa'ad da ya buɗe akwatin ƙarfe na mahaifinsa marigayi, ya ciro wata baƙar kyamara mai ido biyu wadda aka naɗe cikin tsohon rawani. Mahaifin nasa mai ɗaukar hoto ne, ya yi shekaru yana da shago a bakin kasuwa, kuma tun da sana'ar wanke hoto ta ja baya ya rufe shagon, ya ajiye kyamarar. Shekara ashirin ke nan ba wanda ya taɓa ta.

Abin da ya sa aka tuna da ita kuwa, Gwaggo ce. Ita ce yayar marigayin, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, za ta yi mako biyu ta koma. Jikoki suka yi ta kewaya ta da wayoyinsu suna so su ɗauke ta, ita kuwa sai ta ja mayafi ta kau da kai. Da saurayin ya matsa mata da roƙo, ta ce, "Ni ba a tsaya mini ƙiƙam a soka mini abu a fuska. Babanku in zai ɗauke ni sunkuyawa yake yi. Ina akwatin nan nasa?"

Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Kyamarar Yashica Mat-124G ce, ƙirar Japan, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1970 zuwa 1986, bisa samfurin Rolleiflex ta Jamus wadda ta fara fitowa a 1929. Ana rataya ta a wuya ta sauka wajen ciki, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya leƙa wani gilashi da ke samanta. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗaukar hoto. Saboda haka wanda ake ɗauka ba ya haɗa ido da mai ɗaukarsa, abin da yake gani kawai shi ne mutum ya rusuna a gabansa. Fim ɗin da take ci shi ne mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901. Kowane hoto faɗinsa da tsawonsa kimanin santimita 6 ne, watau kusan ninki huɗu na hoton ƙaramin fim mai milimita 35, amma fa hoto 12 kacal ake samu a naɗi guda.

Saurayin ya aika Legas aka sayo masa naɗi biyu da tsadar gaske, tare da sinadarin wanki. Ya sa na farko, ya ɗauki Gwaggo sau huɗu a cikin ɗaki da sassafe, don ta ce ba za ta fito sanyi ba. Da hantsi ya ɗauki yara sau biyar suna wasa a tsakar gida. A na goma ya yi marmarin ya shiga hoton shi ma, ya ja ɗan maƙallin jinkiri wanda ke ba mutum sakan kamar goma ya ruga ya tsaya. Maƙallin ya yi 'yar ƙara, ya tsaya a rabin hanya, shi ke nan. Ya danna, ya girgiza, ya hura, kyamara ta yi gum. Ya lallaɓa ya naɗe sauran fim ɗin ya cire, saura kwana shida Gwaggo ta tafi.

Mahaifiyarsa ce ta tuna masa da wani dattijo mai gyaran agogo a wata rumfa, wanda a zamanin ƙuruciyarsa shi ne yaron shagon marigayi. Da saurayin ya ajiye kyamarar a kan teburinsa, dattijon ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce, "Ta Maigida ce." Saurayin ya ce, "Ita ce, Baba. Ina jin batir ne ya mutu. Ga kuma man keken ɗinki na zo da shi, ko za a ɗiga mata." Dattijon ya karɓi kwalbar man ya sa a aljihunsa, ya ce sai an gama zai mayar masa. Game da batir kuwa ya ce aikinsa ɗaya ne, auna haske, ko babu shi kyamarar nan tana ɗaukar hoto, gama duk abin da ke cikinta sifirin ne da haƙora irin na agogo.

Bai ɗauki sukudireba ba ran nan. Ya ce a fara wanke fim, domin fim shi ne shaidar da ta ga abin da ya faru. Da dare ya wanke shi a tsohon tankinsa, da safe ya ɗaga dodon hoton ga hasken ƙofa suka duba tare. Huɗun farko baƙi ƙirin, siffar Gwaggo ta narke kamar hayaƙi. Biyar na yara sun fito sarai. Ukun ƙarshe fari fes, ba ko ɗigo. Dattijon ya ce, "Ka ga ciwo biyu ne. Inda dodo ya yi baƙi, haske ya yi yawa, watau ƙyauren ya buɗe ya daɗe bai rufe ba. Inda ya yi fari, bai buɗe ba sam. Na yara a kan nawa ka ɗauka?" Saurayin ya ce 1/125. "Na Gwaggo fa?" Ya ce 1/8, saboda duhun ɗaki. Dattijon ya gyaɗa kai.

Ƙyauren da yake nufi shi ne abin da masu sana'a ke kira shota. A irin wannan kyamara yana zaune ne a tsakiyar idon ƙasa, tsakanin gilashin gaba da na baya. Wasu 'yan ganyayen ƙarfe ne guda biyar, sirara ƙwarai, sun hau kan juna sun tare hanyar haske. In an danna, sifirin ya fizge su su buɗe daga tsakiya, sa'an nan su koma su rufe. Na wannan kyamara ƙirar Copal ne, gudunsa daga sakan 1 zuwa 1/500, ga kuma alamar B wadda ke barinsa a buɗe muddin yatsa na kan madanni. A gudu mai sauri ƙarfin sifirin ne ke yawancin aikin. A gudu mai jinkiri kuwa akwai wani jerin ƙananan ƙafafu masu haƙora da ke riƙe ganyayen su jira, kuma su ne ke yin ƙarar nan ta "zzzz" in an sa a sakan ɗaya. Man da aka sa musu a masana'anta yana daskarewa da daɗewa ya zama kamar ƙaro. In ƙurar hunturu ta samu shiga ta gauraya da shi, sanyin Jos kuma ya daɗa sandarar da shi, sai ƙafafun su riƙa tafiya da ƙyar, ko su tsaya a hanya. Dalili ke nan da ya sa yaran tsakar gida suka fito, Gwaggo ta ɓace.

Saurayin ya ce, to ashe ba mai take bukata ba ke nan? Dattijon ya ce nan ne mutane da yawa ke kashe kyamara da hannunsu. Ganyayen nan a bushe aka yi su su yi aiki. Ɗigon mai ɗaya in ya shiga tsakaninsu sai su manne da juna kamar jiƙaƙƙun takardu, sifirin ya ja su ƙi, wani lokaci har ƙusar da ke riƙe ganye ta karye. Man kuma ba ya tsayawa inda aka sa shi, yana bin zafi ya haura gilashi ya yi masa hazo. Ya ce a shekarunsa na shago, kyamarorin da mai ya lalata sun fi waɗanda suka faɗi ƙasa yawa.

Ciwo na biyu kuwa, ya juya kyamarar ya nuna masa wani ɗan maƙalli kusa da idon ƙasa, mai alama biyu, M da X. Na haɗa filasha ne: M na tsohon ƙwan filasha wanda ake ƙonawa sau ɗaya a yar, X na filasha mai lantarki. Maƙallin yana kan M. Masu ƙirar sun yi gargaɗi a littafin kyamarar cewa kada a ja maƙallin jinkiri sai wannan yana kan X, domin in ba haka ba sassan biyu suna cin karo su cije. Dattijon ya ce, "Maigida ɗinke nasa yake yi da ɗan salatif a kan X. Salatif ɗin ne ya bushe ya faɗi. Sa'arka ɗaya, ba ka ja da ƙarfi ba."

Sai a rana ta biyu ya buɗe ta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti don kada ƙaramin sukuru ya gangara, ya ɗaye fatar gaba a hankali, ya cire murfin, ya warware gilashin gaba na idon ƙasa, yana jera kome bisa tsarin da ya fito. Ya mai da maƙallin kan X, ya riƙa taɓa haƙoran jinkirin da tsinke har suka ƙarasa tafiyarsu, ƙyauren ya yi ƙas, ya buɗe ya rufe. Sa'an nan ya wanke ƙafafun nan masu haƙora da farin man nan mai saurin bushewa wanda ake ɗura wa laita, ya goge ganyayen ɗaya ɗaya da auduga a bakin tsinke har ta daina fitowa da launi. Mai kuwa, na agogo ya sa, da bakin allura, a kan gindin ƙafafun kaɗai, abin da ido bai cika gani ba.

Nan take kyamara ta yi ta aiki sumul, saurayin ya miƙa hannu zai ɗauka, dattijon ya hana. Ya ce muddin ruwan wankin bai gama bushewa ba kowane ƙyaure lafiyayye ne, sai ya bushe ake sanin gaskiya. Haka kuwa aka yi. Da asuba, cikin sanyi, 1/4 ya sake jan ƙafa. Ya sake wankewa, ya sake bari ta kwana. Saura kwana biyu, saurayin bai yi barcin kirki ba.

Rana ta huɗu dattijon ya koya masa gwajin da kowane mai irin wannan kyamara ya kamata ya iya. A fara duba abin da ba ciwo ba ne: ko makullin da ke jikin madanni a rufe yake, ko kuma an juya hannun naɗa fim gaba an manta a mai da shi baya har ya tsaya, gama komowar nan ce ke ɗana ƙyauren. Kowace ƙira da irin tarkonta. Mamiya RB67 da Hasselblad ba sa dannuwa in ba a zare farantin ƙarfen da ke tare fim ba, Hasselblad kuma tana cijewa in an haɗa ido da jiki alhali ɗayansu ba a ɗane yake ba. Bayan wannan sai a buɗe bayan kyamara ba fim, a buɗe ramin haske duka, a fuskanci taga, a danna kowane gudu daga sakan 1 zuwa sama. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: kowane walƙiya ya kamata ya zama rabin na bayansa. Kunne kuma ya saurari sakan ɗaya, ƙarar ta tafi bai ɗaya ba tuntuɓe, ta ƙare daidai da motsin agogo. Suka gwada da agogon bango na rumfar, ta yi daidai. A 1/500 dattijon ya ce bai cika ba, kuma ba zai cika ba, sifirin ya tsufa, a riƙa lissafta shi kamar 1/300. Ya ce wannan kam ba ya taɓawa.

Da saurayin ya tambayi kuɗin aiki, dattijon ya ciro kwalbar man keken ɗinki ya miƙa masa, ya ce, "Ɗan Maigida, ai da kyamarar nan na koyi abin da nake ci. Kai dai ka kawo mini hoto ɗaya."

Ran jajiberen tafiyarta Gwaggo ta yarda ta zauna a bakin ƙofa inda hasken hantsi ke shigowa a karkace. Saurayin ya kife turmi ya ɗora kyamarar a kai don kada hannu ya yi rawa, ya sa a 1/30, ya durƙusa ya sunkuyar da kai cikin gilashin. A can ciki ya ga Gwaggo, dama ta koma hagu kamar yadda irin wannan gilashi ke nunawa, ta saki mayafin, tana kallon ƙeyarsa. Ta ce, "Haka yake yi." Ya danna, ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba.

Cikin goma sha biyun, tara suka fito. Gwaggo ba ta gan su ba sai bayan wata guda, da aka kai mata ƙauye. An ce ta kai hoton kusa da idonta mai lafiya ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ɗaya yana rataye a rumfar mai gyaran agogo, tsakanin agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba.

Kyamarar ba ta koma akwatin ƙarfe ba. Dattijon ya ce zama ne ya yi mata illa, ya kuma ba da sharaɗi uku: a ajiye ta inda ba damshi ba ƙura, kada a bar ƙyauren a ɗane in za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, kana kowane wata a ciro ta a danna kowane gudu sau biyu ko uku, ko da babu fim a ciki. Saurayin yana yin haka ran Asabar ɗin farko ta kowane wata, in ya gama kuma ya rataya ta a wuya ya tafi rumfar ya gai da Baba.