Lambata ɗaya, iyayengijinta barkatai

Na sayi layina na farko shekarar da na gama kwalejin horon malamai, da albashin da na fara karɓa. Lambar da 027 take farawa, lokacin sunan kamfanin Buzz. A 2006 aka wayi gari ya zama Tigo. A ƙarshen 2017 Tigo da Airtel suka haɗe aka ce AirtelTigo, a 2023 kuma aka taƙaita shi ya koma AT. Ni dai ban motsa daga Kumasi ba, lambata ba ta sāke ba, amma an yi ta miƙa ni daga hannu zuwa hannu kamar akuyar gado, ba wanda ya taɓa neman shawarata.

Kada in ci zalin haɗakar, ta yi mini rana. Uwargida 026 take riƙe da shi, wato layin Airtel. Dā in na kira ta daga makaranta kuɗin kiran wani layi ake cire mini, sai in yi magana a gurguje kamar mai tsoron a kama shi. Da aka haɗe muka zama 'yan gida ɗaya, har ta fara ƙorafin wai surutuna ya yi yawa.

To, amma jama'a, mu duba ɗaya gefen. Akwai lokacin da layuka shida ne a Gana: MTN, Vodafone, Tigo, Airtel, Glo da Expresso. Kowa na zawarcinmu, wannan ya ba da kyautar kiran dare, wancan ya ninka kati. A 2024 uku suka rage, MTN da Telecel (wato Vodafone ta dā) da AT. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen nama ya san bambancin layin mahauta shida da na uku. A na shida kai ke taya, a na uku kuwa sai abin da aka yanka maka.

Hujjar da aka bayar ita ce ƙanana biyu in sun haɗa ƙarfi za su iya ja da babba. Ba haka ta kasance ba. A 2020 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ayyana MTN a matsayin wanda ya fi ƙarfin kasuwar, a 2021 kuma masu AirtelTigo suka sakar wa gwamnati kamfanin suka kama gabansu. Ashe gurgu biyu ba su zama mai gudu.

Wani abokin aikina yakan ce in sauya mana, ai tun 2011 doka ta yarda mutum ya ƙaura da lambarsa zuwa wani layi. Gaskiyarsa. Sai dai ƙaura tana daɗi ne in akwai gidaje da yawa a gari. Ban da haka, wayar yanzu ba ta gaisuwa ba ce kawai. Ta nan iyayen yara suke nemana, ta nan nake aika wa tsohuwata kuɗin cefane a Bawku, ita kuwa mai shago ɗaya ta sani, shi kaɗai ta yarda ya taɓa mata waya.

Lambar nan ita kaɗai ta haddace a duniya. Duk sanda ta ji a rediyo ana zancen za a haɗe wasu kamfanoni, sai ta sa jikanta ya kira ni, ta ce, "Malam, lambar taka tana nan dai ko?" In ce mata tana nan, Inna.