Kwabon Kakarmu da Fam ɗin Zinaren Sarki Edward



Bayan rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta, da aka zo rabon kayan ɗakinta sai muka ci karo da wani gwangwanin madara a ƙasan adaka. Cike yake da tsofaffin kuɗi: anini, ɗari, kwabo mai huji, da 'yan sulalla. Manya suka ce ba su da amfani, aka bar wa mu jikoki. Da muka ga sun yi baƙi, sai muka samo toka da lemun tsami muka dirje su tas har suka riƙa ƙyalli. A ranar mun ɗauka gyara muka yi.

Daga baya muka zauna karanta rubutun jikinsu. Wani kwabo na ɗauke da shekarar 1936 da sunan Edward VIII, ga tauraro mai tsini shida, ga kuma rubutu da haruffan Larabci. Sunan ne ya sa muka shiga bincike, abin da muka tarar kuwa ya ba mu mamaki.

Wannan sarki ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar saboda auren da ya nace sai ya yi. Kuɗin da aka shirya fitarwa da hotonsa a Ingila ba su taɓa shiga kasuwa ba, 'yan ƙwayoyin gwaji kawai aka buga. Cikinsu akwai fam ɗin zinare mai ɗauke da shekarar 1937, wanda shida kacal aka sani. A Janairun 2020 aka sayar da guda ɗaya a kan fam miliyan 1. Amma nan Afirka ta Yamma an riga an buga kwabbai da sunansa, babu hoto saboda hujin tsakiya, kuma da su kakanninmu suka sayi ƙosai da goro.

Me ya kai ɗan ƙaramin tsaba wannan farashi? Nauyin fam ɗin zinare bai cika giram 8 ba. Da za a kai shi wa maƙeri ya narkar, abin da zai biya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da miliyan. Masu tara irin waɗannan kuɗi abu uku suke saye: ƙarancin abin, tarihinsa, da lafiyar fuskarsa. Akwai bugu na musamman da za mu iya kira bugun madubi. Ana goge hatimin bugun da shi kansa zinaren tun kafin a fara, sannan a buga fiye da sau ɗaya, sai filin ya fito kamar madubi, zanen ya tashi raɗau. Irin wannan ba a yi shi don cefane ba. A gefe ake riƙe shi, sau da yawa da safar hannu, domin shatin yatsa ma illa ne. Har ma'auni gare su daga 1 zuwa 70, kuma ƙarzanen da ido ba ya gani yana iya sauko da daraja.

Nan jikinmu ya yi sanyi. Baƙin da muka kankare, a wurin masana, shi ne shaidar shekarun kwabon. Tsabar da aka dirje ta rasa fuskarta ta asali, ba ta kuma dawowa. Garin neman gira muka rasa ido.

Kada wani ya ɗauka mun yi asarar miliyoyi. An buga kwabbanmu da yawa, kuma ba zinare ba ne, don haka ko ba a taɓa su ba kuɗinsu kaɗan ne. Shi ya sa muke jan kunnen 'yan uwa game da masu yawo suna cewa tsohon kwabo zai mayar da mutum attajiri dare ɗaya, amma sai ya fara biyan kuɗin gwaji. Abin da ya dame mu daban ne. Turawa sun adana ƙwaya shida shekara tamanin da ɗoriya, mu kuwa abin da tsohuwa ta ɓoye tun kafin zuwan naira a 1973, yamma ɗaya ta ishe mu lalata shi. Kuma ba mu taɓa tambayarta dalilin ajiyarsa ba. Sauran sadakinta ne? Ribar ƙuli-ƙulinta ce ta farko? Ta tafi da amsar.

Yanzu mun naɗe kowane kwabo a takardarsa, mun rubuta shekararsa da sunan mai shi. Wanda ke da tsoho a gida da irin wannan gwangwani, don Allah kada ya kusance shi da toka. Ya ɗauko shi ya zauna gaban mai shi, ya tambayi labarin kowane kwabo, ya rubuta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.