Malami da Tukunyar Gwate

Da na ga 'yan ajin da ke bayanmu suna shirin fita gwajin koyarwa, kowa yana cusa taliyar leda da ganyen shayi da sukari cikin akwati, sai na tuna da abin da ya same ni bara a Laranto. Na daɗe ina ɓoye shi saboda kunya, amma yanzu na ga gara in faɗa.

An tura ni wata makarantar firamare a cikin Jos, na sauka a gidan gwaggona a Laranto, ba nisa da kasuwar Katako inda take sayar da hatsi. Ranar da na iso ta kawo mini gwate cikin kwano. Na gode mata, na ce na zo da guzurina, kada ta wahalar da kanta. Gaskiyar magana kuwa, tun muna makarantar kwana ta mishan, yaron da uwarsa ta kawo masa gwate ran ziyara shi muke kira ɗan ƙauye. Na girma da tunanin cewa mai ilimi da burodi da shayi yake karya kumallo. To, haka na yi mako bakwai: shayi da burodi da safe, taliya da dare, da rana kuwa abin da ya samu.

Lokacin hunturu ne, sanyin Jos kuwa ba sai an gaya wa kowa ba, gama garin yana bisa tudu wajen mita 1,200 sama da teku. Da gefen bakina ya fara tsagewa sai na ce iska ce, na riƙa shafa man kaɗanya. Bai warke ba. Harshena ya yi ja yana zafi, in na tashi tsaye da sauri sai jiri ya ɗebe ni, kafin tashin makaranta na gaji tilis.

Ran da malaminmu ya zo duba ni, darasin kiwon lafiya nake koya wa 'yan aji huɗu. Na raba allo gida uku, na rubuta abinci mai ba da ƙarfi, da mai gina jiki, da mai tsare jiki daga cuta. Ina ɗaga murya sai tsagar nan ta buɗe, jini ya fito. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kai wanne kake ci a cikin ukun?" Ba da rashin kunya ta yi ba, so take ta sani. Na tsaya da alli a hannu, na rasa abin faɗa. Bayan an tashi malaminmu ya ce mini, "Darasinka ya yi kyau a allo. Ka je ka ga malamin asibiti yau ɗin nan."

Malamin asibiti ya duba cikin idona da harshena, ya tambayi abin da nake ci, sa'an nan ya yi dariya. Ya ce jinina ya yi ƙasa, kuma tsagewar gefen baki sau da yawa alama ce ta ƙarancin bitamin B2 ko sinadarin ƙarfe na jini. Ana samunsu a hanta da ƙwai da wake da ganye. Ya ƙara da cewa shayi mai kauri tare da abinci yana hana jiki ɗaukar ƙarfen nan. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce sauran maganin yana kasuwar Farin Gada.

Da yamma na je na durƙusa kusa da murhu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ashe Malam ya sauko?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki koya mini." Ba ta ƙara magana ba, sai ta miƙo mini ƙwarya biyu da acha.

'Yan'uwa, wanda bai taɓa rege acha ba bai san haƙuri ba. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, yashin kuwa yana ciki. Sai ka riƙa karkaɗa ƙwarya cikin ruwa a hankali, achar tana gangarawa ɗaya ƙwaryar, yashi yana kwanciya a ƙasa, ka sake, ka kuma sake. Na farko da na yi, duk gidan sun ji shi a haƙori. Ita kan fara dafa ƙashi da albasa da wake har su yi laushi, ta zuba gauta da attarugu da dakakkiyar gyaɗa, sa'an nan ta barbaɗa acha tana juyawa don kada ta dunƙule. In babu acha, tsakin masara ma yana yi. Yakuwa da alayyafo su ne na ƙarshe, tana zuba su ba ta barin tukunya ta daɗe a wuta. Da na koma littafina na tarar dalilinta daidai ne: dogon dahuwa yana kashe bitamin C na ganye, shi ne kuwa yake taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake. Gida ukun da na zana a allo duk ga su cikin tukunya ɗaya. Achar nan da nake rainawa ma, tana cikin hatsin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta girmama sa'ad da ta mai da 2023 shekarar gero da danginsa.

Abu ɗaya muka yi gardama a kansa, wato kanwa. Takan jefa ta don wake ya nuna da wuri, ni kuwa na karanta kanwa tana lalata bitamin B. Ta ce itace ba kyauta ake ba ta ba. Muka shirya a kan ni zan riƙa jiƙa waken tun da dare. Ran da na manta, kanwa takan koma tukunya.

Cikin mako uku bakina ya haɗe, jirin ya tafi. Da malaminmu ya komo, na roƙa a bar ni in maimaita darasin. Na shiga aji da ƙwarya cike da acha da yakuwa da gauta da wake da gyaɗa, yara suka riƙa zuwa suna ajiye kowanne ƙarƙashin gidansa a allo. Yarinyar nan ce ta ɗauki yakuwa. Ta ce ita ma ita ke rege wa mamarta acha, kuma sau huɗu take yi.